Fitsarin kare da maganin ɓad-da-kama: yaya ake kama abin da ba a san kamanninsa ba?

Nasiru Birisben: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da na saka hoton kwalaben nan da ke kan teburina, wasu sun yi ta tambaya ko zuma ce na samo. To ba zuma ba ce, fitsarin karnuka ne. Aikina a ɗakin gwaji ne, muna binciken fitsarin karnukan tsere. Tunda Anti Rakiya ta ce in daina ɓoye sana'ata, ga bayani.

A nan Ostareliya, da Ingila da Ayalan, ana tseren karnuka, kuma caca ce ginshiƙin abin. Karen ana ce masa girehawun: dogo, siririn ƙugu, faffaɗan ƙirji, in ya miƙe yana taɓa kilomita 70 a awa. Mu nan takwas ake jerawa a akwatuna, a Ingila shida, sai a saki zomon roba a kan dogo su bi shi mita 500 da 'yan kai cikin daƙiƙa 30 ko kusa da haka. Tazarar tsawon kare ɗaya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, kuma a cikin wannan 'yar tazarar kuɗin suke. Shi ya sa ba a rasa mai ɗura wa kare abin da zai ƙara masa tsoka. Tsofaffin magungunan mun san su. Waɗanda ke hana mu barci su ne sitiroyid ɗin da aka ƙera musamman don kada gwaji ya gane su. Ni ɓad-da-kama nake ce musu.

Hauwa ɗaliba: Wa'alaikumussalam Yaya Nasiru. Ni abin da ban gane ba, in an ba kare magani ai maganin yana jikinsa. Me zai hana na'ura ta gan shi? Ko na'urorinku ma irin namu ne da sai an daki gefensu suke tashi?

Nasiru Birisben: Ƙanwata kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na'urar ba boka ba ce. Ki ɗauke ta kamar ɗan sanda a shingen hanya da aka ba hotunan waɗanda ake nema. Wanda hotonsa ba ya hannunsa, ko shi ne uban ɓarayi, sallama zai yi ya wuce har a ce masa a sauka lafiya. Mu muke gaya mata nauyin sinadarin, da mintin da zai fito daga bututun tacewa, da irin gutsattsarin da zai bayar in an farfasa shi. Mai ƙera ɓad-da-kama ya san haka, sai ya ɗauki tsohon sitiroyid ya ƙara masa ɗan abu a kusurwa ɗaya ko ya cire. Aikinsa a tsoka yana nan, amma nauyi ya canza, hoto ya daina kama da shi.

Wannan ma mai sauƙi ce. Babbar matsalar hanta ce. Sitiroyid ɗan gidan mai ne, ba ya shiri da ruwa, ƙoda ba za ta iya zubar da shi yadda ya shigo ba. Sai hanta ta kama shi ta yi masa aiki hawa biyu. Da farko ta liƙa masa oksijin da haidurojin a wani lungu, ko ta sauya wani haɗi. Daga nan ta ɗaura masa jela, ko ta wani dangin sukari da ake kira glucuronide ko ta sulfate, don ya narke a ruwa ya bi fitsari. Abin da ke isowa kwalbata ke nan. Sau da yawa uwar maganin ba ta nan sam, 'ya'yanta da jikokinta ne suka fito. In ba ki san kamannin 'ya'yan ba, kina riƙe da shaida a hannu amma ba ki sani ba.

Auwal Famasi: Malam Nasiru bari in ɗan sa baki, don wannan labarin a wurin mutane ya fara. Wanda ya bi wasanni a 2003 zai tuna badaƙalar kamfanin BALCO a Kalifoniya. Wani masanin haɗa sinadarai, Patrick Arnold, ya ɗauki gestrinone, maganin wata cutar mahaifa, ya ƙara masa haidurojin huɗu, ya zama THG. 'Yan tsere suka yi ta sha suna wuce gwaji, saboda ba a nemansa, kuma ko da ya shiga GC-MS, na'urar tantance sinadarai, ta hanyar da aka saba, wargajewa yake yi ya bar tarkacen da ba mai kula da shi. Ba wayon ɗakin gwaji ne ya fara tona shi ba. Wani koci, Trevor Graham, shi ya aika wa USADA, hukumar Amurka mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, sirinji mai ɗan sauran ruwan a ciki ba tare da ya sa suna ba. Don Catlin da mutanensa a jami'ar UCLA suka gano tsarinsa, suka haɗa nasu, har suka ba bika, babban birin nan mai bakin kare, don su ga yadda yake fita a fitsari. Daga nan aka koma kan fitsarin da ke ajiye. Dwain Chambers na Ingila ya sha dakatarwar shekara 2. Marion Jones kuwa gwaji bai kama ta da shi ba, da bakinta ta amsa a 2007, lambobinta biyar na Olamfik ɗin Sidni 2000 suka tafi.

Baba Mafarauci: Salamu alaikum. Ni ɗana ne ya sa ni a zauren nan saboda karnukana. Shekara ta fi 30 ina farauta, tuwo da romo da ƙashi su ne maganin gudu. Amma ina da tambaya ga yaron nan na Ostareliya. Tunda an riga an san abin a jikin mutum, me ya sa sai an sake wahala a kan kare? Hanta ai hanta ce.

Dakta Rakiya: Barka da shigowa Baba, Allah ya ƙara girma. A faranti hanta hanta ce, amma a ciki kowace dabba da irin ma'aikatanta. Farasitamol ɗin da za ka ba jikanka ya warke, in ka ba kyanwa kashe ta zai yi, don hantarta ba ta iya ɗaura masa jelar sukarin nan da Nasiru ya faɗa yadda ya kamata. Kare kuma akwai wani inzayim, cikin sinadaran da ke sarrafa magani a jiki, da muke da shi, shi ba shi da shi kwata-kwata. Shi girehawun ma ya bambanta da sauran karnuka. Tun muna makaranta ake gargaɗinmu kada a sa masa maganin barcin nan thiopental a tiyata, don zai daɗe bai farfaɗo ba: ba shi da kitsen da maganin zai koma ya ɓuya, ga kuma wani inzayim na hanta, CYP2B11, da yake da ƙaranci a yawancinsu. To dabbar da maganin barci ma ba ta sarrafa shi irin na 'yan'uwanta, ka ga ba za a ari sakamakon ɗan Adam a yanke mata hukunci da shi ba.

Baba Mafarauci: To Likita, na ji. Ashe kyanwar gidana Allah ne ya tsare ta daga hannun tsohuwa.

Nasiru Birisben: Allah ya ja kwana Baba. Ga misalin da zai ƙara fito da maganar Anti. Stanozolol, wanda aka kama ɗan tsere Ben Johnson da shi a Olamfik ɗin Siyol a 1988, tsohon magani ne, har na dabbobi an yi. A jikin mutum hanta ta fi liƙa masa oksijin a kusurwar da ake kira 3' da kuma ta 16. Da masu bincike a nan suka bi shi a jikin girehawun, sai suka tarar babban ɗan da ke fita a fitsari a kusurwa ta 6 aka liƙa masa. Ka ga wanda ya ɗauko jerin ɗan Adam ya ɗora wa kare yana tsaron ƙofar gaba ne, ɓarawo yana fita ta baya. Wannan fa maganin da aka sani shekaru da dama ke nan, balle wanda aka haɗa bara.

Yadda ake yi shi ne, a fara samo abin. Yawanci a intanet ake sayar da su da sunan kayan gina jiki na 'yan ɗaga ƙarfe, da sunaye masu ban tsoro. Akwai Furazadrol, akwai wani wai shi Jungle Warfare, dukansu wata tawaga a babbar jami'ar ƙasa da ke Kanbera ta bi diddiginsu a jikin girehawun a 'yan shekarun nan. Ba a yarda da abin da aka rubuta a jikin kwalba, sai an tantance abin da ke ciki, don sau da yawa rubutu daban ciki daban. Sannan a nemi izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi, a ɗebi fitsarin 'yan karnuka kafin a ba su komai, a ba su awo ɗaya, a yi ta ɗiba bayan awa kaza da awa kaza har kwanaki. Sai a jera na kafin da na bayan. Duk tsinin da ya tsiro a allon kwamfuta wanda da babu shi, shi ne abin zargi.

Hauwa ɗaliba: Yaya, wa ke tare fitsarin? Kar dai kai ne.

Nasiru Birisben: Sau ɗaya na bi masu ɗiba zuwa filin tsere don in ga inda kwalabena ke fitowa. Kafin tsere ana auna nauyin kowane kare, in ya bambanta da na tserensa na baya da fiye da kilo 1 ba zai yi gudu ba, sannan a kulle su a ɗakuna. Wanda aka zaɓa, sai a fito da shi wani ɗan fili mai ciyawa, mai shi yana riƙe da igiya, jami'a tana biye da safar hannu da wani abu kamar ludayi mai dogon mariƙi. Karen da na gani ya shinshina nan, ya shinshina can, ya ɗaga ƙafa kamar da gaske, ta miƙa ludayi, ya fasa. Sau uku. Ni ina danne dariya, ita ko gezau, tana yi masa ɗan fito a hankali. Da ya yi, a gaban mai karen aka raba kwalba biyu, aka liƙe, ya duba lambar ya sa hannu. Kwalbar farko ce ke zuwa wurinmu, lamba kawai, ba sunan kare ba na mai shi. Ta biyun tana jira, in an samu wani abu ita za a buɗe a tabbatar.

A wurinmu kuma sai mu fara yanke jelar da hanta ta ɗaura. Da me? Da inzayim, ko na ƙwayar cutar E. coli, ko wanda ake tatsowa daga cikin wani dodon koɗi na Turai. A ɗumama, a tace ta wani ɗan bututu mai riƙe sitiroyid ya saki sauran datti, a busar, a narkar da ɗigo kaɗan, a miƙa wa na'urar LC-MS ko GC-MS.

Inda aikin yake cin rai shi ne tabbatarwa. Na'ura za ta ce miki an ƙara oksijin ɗaya, amma ba za ta ce a wace kusurwa ba, ko yana kallon sama ne ko ƙasa, don nauyinsu duk ɗaya ne. Dole mai haɗa sinadarai ya zauna ya ƙera kowanne da hannunsa, wani lokaci watanni, a zuba a na'ura a ga wanne ne ya fito a minti ɗaya da na karen, da gutsattsari iri ɗaya. In babu wannan, lauyan mai kare zai yi fata-fata da ke a gaban kwamiti. Ni farkon zuwana na yi mako uku ina bin wani tsini, har na fara raya sunan da zan raɗa masa. Ashe daga murfin robar wasu sababbin bututai yake fitowa. Shugabata ba ta ce komai ba, ta zuba ruwa zalla a bututun ta ce in gwada. Ga tsinina nan tsaye ƙyam.

Ustaz Kabiru: Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ilimi ne, ba na musu. Amma Malam Nasiru ka yi haƙuri in faɗi abin da ke raina. Kai da bakinka ka ce caca ce ginshiƙin abin. Wato duk wannan ƙwaƙwalwa da na'urori, don ɗan caca ya natsu cewa ba a cuce shi ba ne. Sannan don a kama mai ba kare guba, ku ma sai kun ɗauki lafiyayyen kare kun ba shi gubar. Ina bambancin?

Nasiru Birisben: Allah ya gafarta Malam, tambayar ba baƙuwa ba ce, na sha yi wa kaina ita. Ba zan kare caca ba. Abin da zan ce, bambancin awo ɗaya a gaban likita da allura duk mako tsawon watanni a bayan gida ba kaɗan ba ne. Kuma kare ba ya cewa a'a. Ɗan tsere mutum shi ya zaɓa ya sha, kare ɗura masa aka yi.

Ustaz Kabiru: Wannan hujjar ai ni take goya wa baya ba kai ba. Tunda ba ya cewa a'a, a daina tseren mana, kowa ya huta.

Dakta Rakiya: Malam, a nan ina tare da kai fiye da yadda kake zato, kuma duniya ma can ta nufa. A Fulorida, inda nan ne cibiyar abin a Amurka, an kaɗa ƙuri'a a 2018 aka haramta, tseren ya tsaya a ƙarshen 2020. Yanzu filaye biyu suka rage a duk Amurka, a jihar Bajiniya ta Yamma. Niyu Zilan ta sanar a Disamban 2024 cewa za ta rufe nata. Belle Vue na Manchesta, inda aka fara a Ingila a 1926, an rufe shi a 2020. Amma dubi jihar da Sidni take: gwamnati ta sanar da haramci a 2016, kafin shekarar ta fita ta janye saboda matsin lamba. To karnukan da ke gudu yau da gobe fa, kafin a gama jayayya? Na ga abin da sinadarin namiji ke yi wa karya in an daɗe ana ba ta: hanta ta taɓu, al'aurarta ta canza kama, ta zama mafaɗaciya. In tsoron kwalbar Nasiru zai sa wani ya mayar da sirinji aljihu, ni ban ga laifin kwalbar ba.

Ustaz Kabiru: Na ji Dakta. Ban gamsu duka ba, amma na ji. Sai dai batun ba lafiyayyen kare maganin yana nan.

Nasiru Birisben: Yana nan Malam, shi ya sa ake ta neman rage shi. Yanzu kafin a je ga kare, ana fara gwadawa a bututu: a samo 'yan ƙwayoyin hantar kare da aka adana a sanyi, a zuba maganin, a ɗumama daidai zafin jiki, a ga 'ya'yan da za su fito. Wasu na amfani da wata fumfuna mai sarrafa magani kusan irin na hanta, wasu a Burazil da ƙananan kifaye a tankin ruwa. Duk suna taimakawa. Matsalar, bututu ba shi da ƙoda, ba shi da hanji da ƙwayoyin cikinsa. Yakan ba ka 'ya'ya goma, amma ba zai gaya maka wanne ne zai fi daɗewa a fitsari ba. Wani lokaci wanda ya fi yawa a bututu da ƙyar ake ganinsa a kare. Kuma mu mai daɗewar muke nema.

Auwal Famasi: Wannan ta mai daɗewa ita ce ta kwashe 'yan Olamfik. Oral Turinabol, wani sitiroyid na tsohuwar Jamus ta Gabas, da ana ganinsa kwanaki kaɗan ne bayan an sha. Wajen 2011 ɗakin gwajin Mosko ya bayyana wani jikansa da ke zama makonni. Abin dariya, shugaban ɗakin Grigory Rodchenkov ne, wanda daga baya ya fallasa cewa shi ke taimaka wa 'yan Rasha kauce wa gwaji. Da aka ciro fitsarin Beijin 2008 da Landan 2012 daga firiza aka sake dubawa da sabon ilimin, sama da mutum 100 suka faɗa. Fitsarin bai canza ba, ido ne ya buɗe.

Sale Damagaram: Gaisuwa ga manya. Mu masu dawaki muna saurare. Ni na san labarin Ingila na 2013, mai horar da dawakin Godolphin na Sarkin Dubai, Mahmood Al Zarooni, da aka samu dawaki 22 da sitiroyid aka dakatar da shi shekara 8. To tambayata, ƙwayar nan da ake ba raguna kafin Layya su kumbura, wadda wasu mata ma ke sha, sha-ka-fashe, ita ce wannan?

Auwal Famasi: A'a Malam Sale, suna ne ya haɗa su. Abin da aka fi sayarwa da sunan sha-ka-fashe dexamethasone ne, ko a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki. Dexamethasone sitiroyid ne, amma na ɗaya gidan, dangin cortisol. Ba ya gina tsoka, cinye ta ma yake yi in an daɗe. Fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki, sukari ya hau, garkuwar jiki ta faɗi. Waɗanda Nasiru ke farauta dangin testosterone ne, sinadarin namiji. Duka biyun dai haramun ne a jikin dabba ranar tsere.

Nasiru Birisben: Malam Sale ka kawo misalin da zai nuna muku abin ba baƙi da fari ba ne. Magunguna biyu aka samu a dawakin nan, stanozolol da ethylestrenol. To wannan ethylestrenol ɗin da ya kori mutum shekara 8 a Ingila, a nan Ostareliya dokar tseren karnuka ta yarda likita ya rubuta wa karya shi ta baki, don hana ta neman barbara, saboda in ta shiga wannan hali makonni za ta yi ba tsere. Ka ga dole mu san 'ya'yan halattaccen sosai, don kada wani ya laɓe a bayansa da haramtacce, kuma kada mu ɗora wa mai gaskiya laifi.

Hauwa ɗaliba: To in testosterone ɗin kansa aka yi wa kare fa? Ai jikinsa ma yana yi.

Nasiru Birisben: Nan sai iyaka. Ga karya, an sa ma'auni a kan wani ɗan testosterone da ke fita a fitsari: nanogiram 10 a kowace mililita. Don ki ji ƙanƙantarsa, ki ɗauki tankar mai ta lita 33,000 ki cika da ruwa, abin da za ki jefa ciki ya kai wannan ma'aunin bai kai nauyin ƙwayar farasitamol ɗaya ba. Akwai kuma gwajin da ke duba irin kabon ɗin da aka gina sinadarin da shi. Na kamfani daga waken soya ko wata doyar daji ake haɗa shi, kabon ɗinsa mai nauyi bai kai na wanda jiki ya ƙera daga abinci ba. Abin sha'awa, gero da dawa da masara da rake sun fi alkama da shinkafa tara kabon mai nauyin. Wato ɗan tseren da ya tashi da tuwon dawa da fura, in ya yi allurar testosterone, bambancin ya fi fitowa fili a jikinsa fiye da na mutumin arewacin Turai mai cin burodi da dankali.

Sale Damagaram: Ashe fura ma tana ba da shaida.

Dakta Rakiya: Nasiru kar ka tsallake batun nama, don nan ne ake zaluntar mutane. Karnukan nan ɗanyen nama ake ba su, sau da yawa na shanu da dawakin da ba su cancanci cin mutane ba, waɗanda aka yi ta yi musu allura kafin su mutu. Saniya ta sha penisilin mai procaine, kare ya ci, procaine ya fito a fitsarinsa. Burodi mai 'ya'yan furen poppy yana ba da morphine. Cakulan yana ba da theobromine. Ko mutane ba su tsira ba: a gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a Meziko a 2011, 'yan wasa 109 cikin 208 da aka gwada an ga haramtaccen maganin clenbuterol a jikinsu, daga naman da suka ci. Na'urar da ke ganin ƙwayar farasitamol a tanka ba ta san niyya ba.

Nasiru Birisben: Gaskiya ne Anti, kuma dokar ba ta tambayar niyya. In an samu, kare ya rasa matsayinsa, sai dai a sassauta wa mai shi hukunci. A Ayalan a 2017 an ga benzoylecgonine, ɗan hodar iblis, a fitsarin wani zakaran kare mai suna Clonbrien Hero har sau uku, aka yi ta cacar baki a kan ta ina ya shiga. Amma a nan ma sanin 'ya'yan magani yana taimakon mai gaskiya. In kwalba ce ta gurɓata daga hannun wani, uwar maganin za a gani ita kaɗai ba 'ya'ya, don ba ta bi ta hanta ba. In an ga 'ya'ya irin na kare, to ta cikinsa ta bi. Ɓad-da-kama kuwa ba ya shiga naman saniya da kansa, ba likitan da ke rubuta shi. Wanda aka samu da shi, labarin nama ba zai fisshe shi ba.

Auwal Famasi: Amma Malam Nasiru mu faɗi gaskiya, kullum a baya kuke. Mai haɗawa yana buɗe tsofaffin takardun kamfanonin magani na shekarun 1950 da 1960, inda aka ƙera ɗaruruwan sitiroyid aka watsar, ya zaɓi ɗaya. Norbolethone haka aka yi da shi, ba a taɓa sayar da shi a kanti ba sai ga shi a fitsarin 'yar tseren keke a 2002. Shi wata ɗaya ya ishe shi, ku shekara. Kafin ku gama da ɗaya ya fito da uku. Kuma in aka ba kare a lokacin horo aka tsaya wata guda kafin tsere, tsoka tana nan, fitsari fes.

Nasiru Birisben: Ban musa ba, a baya muke. Amma ratar tana raguwa ta hanya uku. Ana zuwa gidan mai kare ba sanarwa a ɗebi fitsari da jini, ba sai ranar tsere ba. Ana yanko gashi, don abin da ya shiga gashi yana zama watanni. Sababbin na'urori kuma suna rubuta duk abin da suka gani, ba waɗanda aka ce su nema kaɗai ba, don haka in an gano sabon abu yau sai a koma bayanan bara a tambaya ko ya taɓa wucewa.

Wadda ta fi burge ni ita ce wadda ba ta damu da fuska ba. Duk yadda aka sauya wa sitiroyid kama, dole ya shiga makullin nan na sinadarin namiji da ke cikin tsoka, in ba haka ba ba shi da amfani ga mai cuta. Sai aka ɗauki ƙwayoyin halitta aka sa musu wannan makullin, aka haɗa shi da sinadarin ƙwaron nan mai walƙiya da daddare. A ɗiga abin da aka tace daga fitsari. In akwai mabuɗi a ciki, ko wane iri ne, sai su yi haske. Ba za su faɗi sunansa ba, ba a hukunta kowa da haske kaɗai, amma sun nuna kwalbar da za a zauna a kanta.

Baba Mafarauci: Yaro, wannan kam irin aikinmu ne. Ba ka ga naman ba, amma kare ya tsaya ya ɗaga kunne, ka san akwai abu a cikin sabarar. Dodon koɗin da ka ce, namu na fadama zai yi?

Nasiru Birisben: Baba na Turai ake saye a 'yar kwalba, da tsada kuwa. Namu ban taɓa gwadawa ba.

Hauwa ɗaliba: Yaya ni fa na samu abin da zan yi aikin kammala karatu a kai. Anti Rakiya za ki duba mini?

Dakta Rakiya: Ki fara samo wanda zai ba ki aron na'urar da ba sai an daki gefenta ba, sannan ki zo mu yi magana.

Ustaz Kabiru: Malam Nasiru, tambaya ta ƙarshe. Karnukan da kuke ba maganin, ina suke zuwa bayan an gama?

Nasiru Birisben: Waɗanda na sani, Malam, tsofaffin 'yan tsere ne da suka yi ritaya, in an gama an tabbatar jikinsu ya wanke akan nema musu gidan da za a riƙe su. Ba zan rantse a kan na ko'ina ba. Ku yi mini uzuri, nan ƙarfe 11 na dare ta wuce, kuma gobe da sassafe akwai wata kwalbar ƙwayoyi da aka aiko mana. A jikinta an rubuta ganyayyaki ne zalla. Na narkar da guda ɗaya ɗazu kafin in tashi, ta ba ni tsini biyu da ba sa cikin jerinmu.